Daji ko Sola: Wace Takardar Kabon Ta Cancanci Kuɗinka?

Kowace takardar kabon alkawari ɗaya take ɗauke da shi: an hana tan guda na iskar kabon hawa sama, ko an janye shi, domin ya maye gurbin hayaƙin da kai ka fitar. Kafin ka zaro kuɗi, yi wa mai sayarwa tambaya ɗaya: da babu kuɗin nan, me zai faru?

Ayyukan kare daji, waɗanda ake kira REDD+, su suka fi jan mai saye, ni ma can zuciyata take. Daji yana riƙe ruwa, yana ciyar da mutanen da ke gefensa, ga namun daji. Inda gizo ke saƙar shi ne lissafi. Ana hasashen yawan bishiyar da za a sare in ba a kare dajin ba, kuma duk yadda aka kambama hasashen, haka takardun sayarwa ke ƙaruwa. A Janairun 2023 binciken jaridun Guardian da Die Zeit tare da ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta SourceMaterial ya ce sama da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan takardu a rajistar Verra, ƙungiyar da ke tantance ayyukan kabon tana fitar da takardunsu, da alama ba su rage hayaƙi ba. Verra ta musanta, ta kuma fitar da sabon tsarin lissafi a ƙarshen shekarar. Sai gobara: wutar Bootleg ta 2021 a jihar Oregon ta Amurka ta ci dajin da aka riga aka sayar da kabonsa. Wani lokaci kuma masu sara kawai sukan ƙaura zuwa dajin maƙwabta.

Sola da injin iska ba su da wannan ruɗani, domin mita ce ke ƙirga wutar da aka samar. Rauninsu daban ne: sun yi arha har suna mayar da kuɗinsu da kansu. Babbar tashar sola da za a gina ko da kai ko ba kai, takardarta ba ta rage komai ba. Shi ya sa a 2024 hukumar ICVCM mai tantance ingancin kasuwar ta hana galibin irin waɗannan takardu tambarinta.

Da ni ne, ƙananan ayyukan sola a ƙauyukan da layin wuta bai kai ba zan fara dubawa, inda suke kashe janareton dizal da fitilar kananzir. Daji zan saya ne kawai idan ba mai aikin ne ya yi wa kansa hasashe ba, an ware wasu takardu a ajiye saboda gobara, kuma an faɗi kason da ke shiga hannun mutanen wurin. Mai sayarwar da ya yi ta kame-kame a kan wannan kaso, bar masa kayansa.

Ko wanne ka zaɓa, karɓi lambar takardar, ka duba ta a rajistar Verra ko Gold Standard, ka ga shekarar da aka fitar da ita, ka tabbatar an soke ta da sunanka don kada a sake sayar wa wani.