Masu zanen bango na Nima: in za ku sa su zana Shirley Graham Du Bois

Makarantu da ƙungiyoyin matasa da ke son karrama wani gwarzo a bango sukan nufi masu zanen unguwar Nima da ke Ankara (Accra), babban birnin Gana, kuma a wajen fitar da kamannin fuska ba su da matsala. Shirley Graham Du Bois ta cancanci bango a Ankara. Ba'amurkiya ce mai tsara kiɗa da rubuta wasan kwaikwayo, ta yi gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, ta zo Gana da mijinta W.E.B. Du Bois a 1961 bisa gayyatar Shugaba Kwame Nkrumah, ita ce kuma ta shugabanci talabijin na ƙasa da aka buɗe a 1965. Ta rasu a 1977, tokar gawarta na Cibiyar Du Bois a unguwar Cantonments da ke Ankara.

Hotunanta galibi baƙi da fari ne, saboda haka ku kai wa mai zane wanda ya fita tangaram. Yakan ja layuka gida-gida a hoton, ya ja irinsu a bango, ya kwafe gida bayan gida. Wasu kan haska hoton da majigi da daddare. Ya fi sauri, amma in na'urar ta ɗan karkace, haɓa sai ta yi tsawo.

Inda aiki ke lalacewa shi ne bangon kansa. Sabon shafen siminti yana son mako 4 kafin fenti ya taɓa shi, in ba haka ba gishirin siminti ya tsattsafo fari-fari ya ci launi. Tsohon bango kuwa a kankare shi, a toshe tsagu, a shafa fentin shimfiɗa sau ɗaya, sannan fentin akirilik na waje sau 2. A nan mai zane ke rage kuɗi in an matsa masa ciniki, araha kuwa ba ta ado. Ku ce sai kun ga gwangwanin da idonku. Bangon da ke bakin kwata yana shan laima daga ƙasa, fenti ya kumbura ya ɓare. A fara zanen daga tsayin gwiwar mutum zuwa sama. Ja da ruwan ɗorawa su ke fara koɗewa a bangon da ke kallon yamma, sai a rufe da banish, wato man sheƙi, mai tare rana.

Kada a fara tsakanin Afrilu da Yuni, ruwa ba zai bari ya bushe ba. Da hunturu kuma ƙura ke manne wa ɗanyen fenti.

Rubutu ne raunin masu zanen. Ku rubuta musu suna da shekaru, 1896 zuwa 1977, a takarda, Du Bois kalma biyu. Kuma kafin a ɗaga buroshi a nemi yardar mai gida da dattawan unguwa, don hoton mutum a kusa da masallaci ba kowa ke lamunta ba.