Gargaɗi ga 'yan uwa mata: ku guji man fuskar da ake haɗawa a roba marar suna

Assalamu alaikum. Na so in yi shiru saboda sirrin gida, amma matar da ta cuci ƙanwata har yau tana nan tana tallar hajarta, kuma irinta sun cika waya.

'Yan ƙuraje ne kawai a goshin yarinyar nan da haɓarta, irin waɗanda kowace budurwa take yi. Saura wata huɗu bikinta, wata ƙawarta ta turo mata lambar wata mai gyaran jiki a WhatsApp. Sitatus ɗin matar cike yake da hotunan fuskoki, wannan kafin a fara, wannan bayan sati biyu. Ta rantse haɗinta na gargajiya ne zalla, kurkur da zuma da man kaɗanya. "Babu kemikal ko ɗigo, amaryarmu," in ji ta. Ƙanwata ta tura naira 18,000 cikin wani asusu wanda sunan da ke kansa ba na matar ba ne. Da yamma mai babur ya kawo robobi biyu farare, irin na zuba man kitso. Ba suna, ba bayanin abin da ke ciki, ba ranar lalacewa, balle lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. An dai manna 'yar takarda an rubuta da biro: "na safe", "na dare".

Cikin kwana goma ƙurajen suka kwanta, fuska ta yi luwai-luwai tana sheƙi. Ni kaina na yaba, har na ce in ta tashi ƙara saya ta haɗa da ni. Wannan maganar tana damuna har gobe, domin ni ce babba, ni ya kamata in tambaya.

Bayan sati shida man ya ƙare. Kwana uku da daina shafawa, fuskarta ta ɗau raɗaɗi kamar an watsa mata barkono, ta yi ja, wasu ƙananan ƙuraje masu kama ɗaya suka feso har wuya. Ta ɗauki hoto ta tura wa matar. Sai ga saƙon murya cikin sanyin baki: "Kada ki damu ƙanwata, datti ne yake fitowa. Mataki na biyu za ki hau." Mataki na biyu 25,000. Ya lafa, ya ƙare, abin ya dawo fiye da na farko. Aka ce kuma akwai na uku, wai mai gyara fata. A lokacin jijiyoyi sirara jajaye sun fito raɗau a kumatunta. In za ta yi alwala sai ta rintse ido kafin ruwa ya taɓa fuskar, ga shi ba ta iya tsayawa gaban murhu. Na karɓi wayar na ce, "Hajiya, don Allah me kika zuba a ciki? Asibiti za mu." Ta ce sirrin sana'a ne, kuma laifin yarinyar ne da take shiga rana. Washegari ta toshe lambobinmu duka biyu.

Likitan fata kallo ɗaya ya yi mata ya ce, "Malama, wane mai kike shafawa?" Abin da ya gani aikin sitiroyid ne. Irin su clobetasol da betamethasone magunguna ne na gaskiya, likita yakan rubuta su na ɗan lokaci ga mai wata cutar fata, kuma masu ƙarfin cikinsu ba a son su a fuska. Masu haɗin nan sukan sayo su a kemis, su matse cikin mai, su zuba turare da ɗan kurkur don launi. Maganin yana kwantar da kumburi, yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa ake ganin haske da wuri. A ƙarƙashi kuwa yana cinye kaurin fata, ya buɗe ƙofa ga makero da ƙyasbi, ya fito da gashi a fuska, a jiki kuma ya bar nankarwar da ba ta gogewa. Ranar da kika daina, fatar da ta saba da shi sai ta yi bore. To a nan cinikin yake. Ciwon da kike komawa sayen maganinsa, mai haɗin ce ta dasa miki shi, kuma ta san za ki dawo tun ranar da ta miƙa miki robar farko.

Ba sitiroyid kaɗai ake zubawa ba. Akwai hydroquinone, sinadarin ƙara hasken fata, wanda NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a kayan shafa ba, amma mai haɗawa a bayan ɗaki da cokali wa ya auna mata? In aka daɗe a kansa yana barin baƙin tabo mai duhu a saman kumatu, mai wuyar fita ko a hannun likita. Akwai kuma makuri (mercury), wani sinadari mai guba, wanda ya fi ba ni tsoro: yana lalata ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yana kai wa ga ɗan tayi, yana bin ruwan nono, har tawul da zanen gado yana maƙalewa ya shafi yaran gida. Saboda haɗarinsa aka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, wadda Najeriya ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna shafa man ƙara haske, kuma a watan Fabrairun 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Da yawanmu ba mu ma san bilicin muke yi ba, tunda an ce mana maganin ƙuraje ne.

In kina kan irin wannan man yanzu, kada ki koma wa mai haɗin neman gyara. Ɗauki robar ki tafi asibitin da ke da sashen fata, kamar asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, domin wanda ya daɗe yana shafawa wani lokaci a hankali ake janye shi. Maganin ƙuraje na gaskiya yakan ɗauki sati shida zuwa takwas kafin a ga canji. Duk wadda ta yi miki alƙawarin kwana bakwai, ko ta ce ba za ta faɗi abin da ke ciki ba, riƙe kuɗinki. Ƙanwata yanzu sabulu marar ƙamshi take amfani da shi, da man kariya daga rana, da abin da likita ya rubuta. An yi biki da hoda mai kauri, ta sha kuka a daren ƙunshi. Wata bakwai ke nan, jan ya ragu, jijiyoyin suna nan.

Satin da ya wuce wata maƙwabciyarmu ta nuna mini wata sabuwar mai gyaran amare da aka turo mata. Suna daban, lamba daban, amma muryar ita ce. Ina duba hotunan sai ga fuskar ƙanwata, wadda ta tura mata a rana ta goma tana murna, an rubuta a ƙasa: "Wata amaryarmu ta gode."