Sharhina kan inshorar NHIA: likita ba laifi, teburin lissafi ne matsalar

Ni ma'aikacin tarayya ne a nan Katsina, ni da maiɗakina da yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 duk muna cikin inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, wato NHIA, wadda da ake ce ma NHIS kafin Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar a 2022. Asibitin da muka zaɓa na kuɗi ne cikin gari, ba zan kama suna ba.

Maganar gaskiya ta ɓangaren ganin likita ban da ƙorafi. Zazzaɓi, tari, gwajin maleriya, awon ciki, ka miƙa kati a ɗauko fayil a duba ka, a famasi ka biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani shi ke nan. Wanda ya san tsadar magani yanzu ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Inda ake samun cikas shi ne in ciwon ya wuce ƙanana. Su ƙananan nan HMO, wato kamfanin da ke shiga tsakanin NHIA da asibiti, na biyan asibiti kuɗi ƙayyadadde kan kowane mutum duk wata, ko ka zo ko ba ka zo ba, amma aiki irin tiyata ko ganin babban likita sai an nemi kod, wato lambar amincewa, daga HMO tukuna, bayan an gama asibiti ta cika fom ta tura a biya ta. NHIA ta ce a 2025 kod kada ya wuce awa ɗaya, mu dai ranar da aka kwantar da maiɗakina tun hantsi muke zaune har aka kira la'asar, yarinyar da ke teburin sai cewa take "Alhaji a ƙara haƙuri, ba su turo ba", ni da ko Makka ban je ba.

Abin da ya fi ɓata mani rai fom ɗin sallama ne. An miƙo mani in sa hannu, na tsaya na karanta, sai ga magani biyu a rubuce waɗanda da bakinsu suka ce babu, na fita na saya a kemis da kuɗina, rasit na aljihuna. Wato HMO za ta biya abin da ni na riga na biya kenan. Na ce wallahi ba zan sa hannu ba sai an soke, aka kira mai lissafin ya ce kuskure ne, daga takardar likita aka kwafa ba daga ta famasi ba. To Allah masani, ya dai gyara a gabana.

Shi ma ya yi nashi kukan, wai HMO na dawo masu da fom in kod bai dace da aikin ba ko sunan cutar bai yi daidai da maganin ba, kuma kuɗin sai ya yi watanni bai fito ba. Na yarda, amma ai ba majinyaci ne zai ɗauki wannan ba.

Zan ci gaba da asibitin saboda likitocinsu na da kirki. Masu KATSCHMA, inshorar lafiya ta jiha, ku ma ku riƙa karanta fom kafin sa hannu, ku ɗauki hotonsa a waya, masu NHIA kuma ku ajiye lambar wayar HMO ɗinku, don da na kira su da kaina kod ɗin bai ƙara minti 20 ba.