Chale Wote: in za ka je, ka je da hantsi

Duk wanda zai je Chale Wote, bikin fasaha da ake yi a kan titi a Accra, don ya ga wasan da ake yi da jiki, to ya yi sammako. Wanda kuwa kiɗa da cunkoso da ɗaukar hoto suka kai shi, ya bari sai bayan la'asar, zai samu har ya ture.

Tun 2011 aka fara bikin a Jamestown, tsohuwar unguwar masunta ta mutanen Ga a bakin teku. Ƙungiyar Accra dot Alt ce ta kafa shi, kuma a watan Agusta ake yi, lokacin da masu gari ke hidimar Homowo, bikinsu na gargajiya. A 2023 aka kai shi Osu, wajen Black Star Square. Na ga na Jamestown, na kuma ga na Osu. Daga unguwar Nima tafiyar ba wata aba ba ce, trotro, wato ƙaramar motar haya, zuwa cikin gari, sauran a taka a ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wata mata ce a Jamestown. Ta shafe fuska da hannuwa da farar ƙasa, ta ɗaura igiya a ƙugu, tana jan jarkoki masu ruwan ɗorawa a kan kwalta, irin waɗanda muke kira galan ɗin Kufuor. Babu kiɗa, babu dandamali, ba ta ce uffan ba. Ta yi taku biyu ta tsaya, ta ja numfashi, ta sake ja. Jarka ɗaya a huje take, ruwa na bin ta a baya yana bushewa kafin ta yi nisa. Igiyar ta ci mata fata har wurin ya yi ja. Ɗan yayata da na tafi da shi ya jawo mini riga ya ce, "Kawu, lafiyarta ƙalau kuwa?" Na ce masa ya tuna ranar da famfo ya ɗauke a gidanmu, uwarsa ta fita tun asuba ba ta dawo da ruwa ba sai da rana ta take. Bai ƙara tambaya ba. Da matar ta kai ƙarshen layi ta tuntsurar da jarkar, abin da ya fito bai cika kofi ba.

Waɗannan jarkoki an laƙaba musu sunan tsohon shugaban Ghana John Kufuor ne saboda ƙarancin ruwan da aka sha a Accra zamanin mulkinsa, 2001 zuwa 2009. Serge Attukwei Clottey, ɗan Labadi, ya yi suna a duniya da yanka su ƙanana-ƙanana yana ɗinke su da waya. Baturen da ya zo kallo sai an yi masa wannan bayani. Ɗan zango kuwa da kafaɗarsa ya san nauyin jarkar.

Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne irin wanda muka saba, mai labari da ɗan barkwanci. Jikin mai wasan ne kayan aikinsa, kuma haƙurinka yake nema. Ba duka ne ke da daɗi ba. Na ga wani saurayi ya naɗe kansa da leda ya tsaya ƙiƙam, da aka tambaye shi manufarsa sai ya shiga kame-kame. Ba kowane mai shafa fenti ne mai fasaha ba. Amma masu kyaun cikinsu sun isa kuɗin mota.

Matsalar ita ce mu 'yan kallo. Rana na karkatawa jama'a za ta ɓarke, kowa da waya a sama. Mutum zai shigo tsakaninka da mai wasa, ya juya mata baya, ya karkace baki ya ɗauki kansa, ya wuce bai san me take yi ba. Ga lasifikoki ta ko'ina suna gasar ƙara. Wasan da ke buƙatar shiru ba ya rayuwa a nan. A cikin wannan turmutsutsu ne na ji hannu a aljihuna, Allah ya sa wayar na gaban riga. Wata mai sobolo kuma ta ninka mini farashi ido na ganin ido.

Tsakanin wuraren biyu, ni dai Jamestown na zaɓa. Osu akwai fili da iska, ba a matse ka, iyali za su fi sakewa. Sai dai mutum ɗaya yana wasa a wannan makeken fili kamar ƙwayar gero ce a faifai. A Jamestown titi ya matse, hasumiyar jiragen ruwa na kanka, warin kifi na tasowa daga gaɓa, ga bangon James Fort inda Turawan Ingila suka tsare Kwame Nkrumah a 1950 har ya ci zaɓe daga kurkuku aka sake shi a 1951. Wanda ya ɗaura sarƙa ya tsaya a gindin wannan bango ba sai ya yi magana ba.

Namu ma ba a bar su a baya ba. Moh Awudu, ɗan Nima, yana cikin fitattun masu zanen bango a garin nan, kuma a wajen masu cincinga, wato tsire, Hausa za ka yi ciniki. Ɗaya daga cikinsu ne ya ba ni buta da azahar, ya ce, "Malam, shimfiɗa nan bayan tebur." Don haka ka tafi da dardumarka.

Gargaɗi ga mai niyyar ɗaukar yara ko dattijo: akwai masu wasa da sutura kaɗan ƙwarai, akwai kuma zuba giya a ƙasa don kakanni bisa al'adar masu gari. Babba ya riƙa leƙawa tukuna kafin ya jawo yaro gaba.

Zan koma in Allah ya kai mu. Zan isa wajen ƙarfe goma na safe da hula da takalmi mara nauyi da canji a aljihun gaba, in bar wurin kafin magariba, domin bayan nan samun trotro zuwa Nima sai an yi kokawa.