Cboard: wata biyu ina gwada ta da yarana masu galahanga

Salam 'yan uwa. Wasu iyaye sun dame ni a WhatsApp wai wace manhaja ce suka ga ina dannawa lokacin zama da yara, to bari in amsa gaba ɗaya.

Ni dai aikina koyar da yara masu galahanga (autism, lalurar da ke shafar magana da mu'amala) yadda za su faɗi buƙatarsu, a nan Bauchi, kuma shekara da shekaru da kati nake yi, irin tsarin PECS ɗin nan da aka faro a Amurka tun 1985, yaro ya miƙo hoton abin da yake so a ba shi. Wahalar katin wanda ya yi ne ya sani, ka buga ka yanka ka kai kasuwar Wunti a yi laminatin, sati biyu wani ya tauna wani ya jefa a randa.

Cboard allo ne na hotuna a waya, yaro ya taɓa hoto ta furta kalmar. Asusun ƙirƙira na UNICEF ma ya tallafa mata. Hotunan da ta zo da su na can ne, su tuffa su burodi da cuku, yaron Yalwa ina ruwansa da cuku. Amma wlh abin da ya saye ni shi ne zan iya ɗaukar hoto da kaina in saka, in kuma naɗi murya a kai. Na sa hoton masa (waina), kunun gyaɗa, buta, tabarma, har Keke Napep. Akwai wani yarona ɗan shekara biyar, muryar inji ko kallo ba ta ishe shi ba, sai na ce wa mamansa Hajiya ki daure ki ce "masa" a nan, tana ta jin kunya ta faɗa, ranar sau bakwai ya danna yana dariya, na takwas ya juyo ya kalli kwanon. Ni kam sai da na yi ƙwalla.

Tana kuma fitar da allon a PDF, sai in buga wa iyayen da ba su da babbar waya su manna a bango, ga batun wuta kun dai sani.

Shawara dai, a fara da hoto huɗu ko shida, kar a cika allon, kuma a kulle shi don yaro zai hargitsa komai. Kar kuma a miƙa masa waya a tafi kicin, in ya danna buta ba wanda ya kawo buta gobe ba zai ƙara dannawa ba.