Makarantar Kurame ko Makarantar Unguwa?

Iyaye na yawan tambayata ina ya fi a sa yaro kurma. A makarantar kurame, kamar ta Tudun Maliki a Kano, malamai sun iya maganar hannu, yaro kuma yana samun abokan hira irinsa, abin da a ganina ya fi komai muhimmanci. Sai dai nisa da kuɗin mota, ko kewar gida in ta kwana ce.

Ta unguwa tana kusa, ba ta da tsada, amma aji cike yake, malami na bayani yana fuskantar allo, yaron bai ga bakinsa ba.

Wanda ba ya ji sam, ta kurame ta fi masa. Mai ɗan sauran ji da na'urar kunne zai iya zaman ta unguwa, a bencin gaba.