T'Challa ko Kamala Khan: wanne zai koya maka zana jarumin Kebbi?

Ƙanena da ya yi tambaya jiya da dare, ka ce kana son zana labarin jarumi mai ƙarfin ban mamaki ɗan jiharmu, kuma ka rasa wanda za ka bi sawunsa tsakanin Black Panther (wato T'Challa) da Ms. Marvel (wato Kamala Khan), jaruman littattafan zane na kamfanin Marvel na Amurka, tunda dukansu ana yabonsu da fito da al'adar mutanensu. Ni dai ra'ayina, T'Challa zai ba ka ƙwarin gwiwa, amma aikin da ke gabanka Kamala Khan ce za ta koya maka shi.

Dubi waɗanda suka ƙirƙire su tukuna. T'Challa ya fara bayyana a 1966, a fitowa ta 52 ta littafin zane mai suna Fantastic Four, daga hannun Stan Lee da Jack Kirby, fararen fata biyu 'yan New York. Sun cancanci yabo, domin a wancan zamani baƙar fata a littattafan zane na Amurka yawanci ɗan aike ne ko abin dariya, sai ga sarki masanin kimiyya mai ƙasar da ba a taɓa yi wa mulkin mallaka ba. Amma daga nesa suka hango Afirka. Dakarun matan da ke gadin T'Challa, Dora Milaje, Christopher Priest ne ya kawo su a 1998, ƙanwarsa Shuri kuma Reginald Hudlin ne a 2005, dukansu baƙaƙen fata. Kamala kuwa tun daga haihuwa a hannun 'yan gida take. Littafinta ya fara fita a Fabrairun 2014. Sana Amanat, edita a Marvel a lokacin, wadda iyayenta 'yan Pakistan ne, labaran tasowarta a New Jersey ne suka zama tushe, G. Willow Wilson da ta rubuta shi Musulma ce, Adrian Alphona kuma ya zana.

Inda suka fi rabuwa shi ne maganar gari. Wakanda, ƙasar da T'Challa ke sarauta, ba ta cikin taswira. A fim ɗin Black Panther na 2018, Ruth Carter da ta tsara tufafin, har ta ci kyautar Oscar da su, ta ɗebo zobban wuya daga Ndebele, bargo daga Lesotho, hular mahaifiyar sarki daga Zulu, jan kaya daga Masai, wasu daga Buzaye. Harshen fada Xhosa ne na Afirka ta Kudu, rubutun da ke jikin bango ya aro daga nsibidi, wani tsohon rubutu na yankin Kuros Riba, abin bautarsu Bast daga tsohuwar Masar, ƙabilar Jabari ta Wakanda kuma suna kiran Hanuman, wani abin bauta na Indiya. Ido yana jin daɗi, babu musu. Sai dai kamar a nuna maka gari ne da sarkinsa ke naɗa rawanin Gwandu, matansa na Yarbanci, samarinsa na rawar Tibi, a ce maka ga Najeriya nan.

Ban ce sun yi haka don raini ba. Baƙar fatan Amurka da cinikin bayi ya yanke wa asali bai san ko kakansa Bayarabe ne ko Bamande ba, don haka ƙasar da ta tara kowa da kowa tana share masa hawaye, kuma wannan buƙata ce ta gaske. Kai ba ka da wannan rashin. Ka san garin kakanka, wataƙila ma ka san unguwar. Wani abu kuma da har yanzu yake ci mini rai: inda fim ɗin ya sauko ƙasarmu da sunanta na gaskiya, dajin Sambisa ne da 'yan bindiga da 'yan matan da aka sace. Ƙasar ƙirƙira ta samu ɗaukaka, arewacin Najeriya ya samu dare da bindiga.

Kamala tana da adireshi. 'Yar shekara 16 ce a birnin Jersey City na Amurka, iyayenta daga Karachi suka zo, tana da yaya Aamir mai riƙo da addini, da ƙawa Nakia 'yar asalin Turkiyya mai sa hijabi, da limamin masallacinsu da take zaton zai yi mata faɗa sai ya ba ta shawara. Mahaifinta ya hana ta fita biki da dare, ta sulale ta taga, ta dawo ta tarar da hukunci. Abin da ya fi burge ni shi ne, da ƙarfin ya fara zuwa mata, sai jikinta ya rikiɗe ya zama na Baturiya mai farin gashi, wato jarumar da take sha'awa, domin a ranta haka jarumi yake kama. Sai daga baya ta yarda ta fita da fuskarta, ta kuma ɗinka kayan aikinta daga rigar iyo mai rufe jiki. Wanda bai taɓa jin kunyar kamanninsa a cikin baƙi ba, ba zai iya rubuta wannan shafin ba. Littafin ya ci kyautar Hugo, wadda ake ba labaran ƙirƙira na kimiyya da al'ajabi, a 2015.

A kan addini ma akwai darasi, kuma a nan ka buɗe kunne sosai tunda ka san masu karatunka. Ƙarfin T'Challa yana fitowa daga wani tsiro da kuma alaƙarsa da Bast. Na Kamala daga wani hazo ya zo, babu ruwansa da ibada. Addininta yana aiki ne a wurin yanke shawara: lokacin da ta ga wata yarinya na nutsewa, ayar Suratul Ma'ida da mahaifinta ke yawan karantawa ta tuna, mai cewa wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane duka ne. Naif Al-Mutawa na Kuwait ya bi wata hanyar a 2006 da littafin zanensa The 99, inda ya danganta ƙarfin jarumansa da sunayen Allah, kuma a 2014 malaman Saudiyya suka fitar da fatawa a kansa. Idan ka sa jaruminka yana tashi sama da laya ko da aya, rigimar da za ka tayar za ta binne labarin.

Amma kada ka kwafi damuwar Kamala. Ita cikin tsiraru take a ƙasar da ake kallon Musulmi da zargi. Yaron Birnin Kebbi ba ya fama da wannan. Abin da za ka ɗauka shi ne tsayawa a wuri guda. Kuskuren da nake gani a zanen samarinmu shi ne jarumi mai babbar riga da rawani da takobi, an ce Bahaushe ne, shi ke nan. Bahaushen ina? Wannan ma ƙaramar Wakanda ce. Kebbi kaɗai tana da Kabawa da Fulanin Gwandu da Zabarmawa da Dandawan Kamba da Arawa da Dakarkarin Zuru da Kambari da Gungawan Yawuri.

In Bakabe ne ɗan Argungu, to ya san homa da gora, ya san ba a faɗawa kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi sai an ba da izini, ya san girman Sarkin Ruwa, kakarsa na da zane a fuska ko da shi ba shi da shi, kuma Hausarsa ta yamma ce, ba ta Kano ba. Yana ɗauke da tarihin Kanta da ya yi wa Askiya na Songhai tawaye a ƙarni na 16 ya gina birnin Surame. In ɗan Zuru ne, labarin ya ma fi zurfi: a Legas a kira shi Bahaushe, a Birnin Kebbi a tuna masa ba shi ba ne, a gida kuma dattawa na yi masa gorin bai iya yarensu ba, bai kuma san wahalar golmo, wato noman neman aure, da kakansa ya sha a gonar surukai ba. In Bagunge ne, kakanninsa na cikin waɗanda ruwa ya tasa daga tsibiransu da aka kammala madatsar Kainji a 1968, kuma yaro mai iya numfashi a ƙarƙashin ruwa zai iya komawa ya ga garin da aka bari. Da ni ne kai, wannan na ukun zan ɗauka, amma sai na je Yelwa na zauna da tsofaffin da suka ga tashin da idonsu, na kuma ba wani Bagunge shafukan farko ya duba kafin in sa musu launi.